Dukushi ɗan shekara 2 da rabi: a hau ko a jira?

Assalamu alaikum manyan mahaya. Ina Tahoua, dukushina ya kai shekara 2 da rabi, yanzu yake famfarar haƙoran gaba. Ya saba da ragama, linzami ma yana karɓa, amma da na ɗora sirdi na ja majayi sai ya lanƙwasa baya ya hau harbi.

Baffana ya ce a ɗora masa yaro tun yanzu, wai in ya ƙosa ba zai horu ba. Likitan dabbobi kuwa ya ce ƙashin baya ne ke ƙarshen yin ƙwari, in jira ya kai shekara 3, sukuwa kuma sai gaba. Gero da harawa ba ya rasawa, jiki masha Allah.

To wannan harbin ƙyuya ce ko ciwo? Kuma yaro marar nauyi, tafiya kawai cikin rairayi, zai cutar da bayansa? Don Allah ku ba ni shawara.