Tsatsa ta kama akori-kurata, wa ya taɓa magance ta a gida?

Mai 504: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da akori-kura Peugeot 504 haɗin Kaduna, gadon mahaifinmu. Inji lafiya lau, amma da damina ta ɗauke na ɗaga shimfiɗar robar da ke baya, sai na tarar ƙarfen ya yi jawur, yana ɓarewa kamar ɓawon albasa. Fentin ƙasan ƙofar direba ma ya kumbura. Kuɗin fanel bita ya fi ƙarfina yanzu. Wanda ya taɓa yi da hannunsa ya taimaka.

Manomin Kadawa: Wa alaikumus salam. Malam, kana ɗaukar taki da ita? Tawa takin zamani ne ya cinye mata baya. Yuriya tana jan danshi, in buhu ya yage ta zube a lungu, ta narke ta kwanta. Gishiri, kanwa da fitsarin dabbobi duk haka suke yi. Ita kuma robar nan ruwa take ɓoyewa, rana ba ta kai masa. Yanzu leda nake shimfiɗawa in zan yi lodi, ina sauke kaya in wanke, in bar ta a rana.

Mai walda a Panteka: Ɗan'uwa, kafin ka sayi fenti ɗauki sukundireba da ƙaramar guduma ka shiga ƙarƙashi. Ka tokare motar da abu mai ƙarfi, kada ka dogara da jak kaɗai, don Allah. Ƙwanƙwasa shasi tun daga gaba har baya, musamman inda sifirin yake kamawa. In ƙarfe ya amsa ƙwal, da sauransa. In ya amsa a dushe, ko sukundireba ta huda, aikin gida ya ƙare, sai a yanke a sa sabon ƙarfe.

In tsatsar ta sama ce kawai, ka goge da burushin waya, ka bi da samfefa mai kaushi sannan mai laushi, har sai ƙarfe ya fito fari. Nan mutane suke gajiya, su shafa fenti a kan jan, bayan damina ɗaya ya sake kumbura. Ramukan da burushi bai kai ba, akwai ruwan maganin tsatsa mai sinadarin fosforik, yana mayar da ita baƙa ya tsayar da ita. Ka goge da tina, wato ruwan tsinka fenti, ka shafa jan firama, wato fentin farko mai kare ƙarfe, a ranar, kada ƙarfe ya kwana tsirara, raɓa kaɗai ta isa. Shafi biyu, sannan fenti. Abin da ya fi damuna shi ne masu cusa fila, wato kwaɓin da ake cike jikin mota da shi, a rami: ruwa yana shiga ta bayanta, tsatsa na ci a ɓoye. Ka sa tabarau da takunkumi, ƙurar nan ba ta da kyau ga ido da ƙirji.

Direban Dawanau: Ni baƙin mai nake fesa wa ƙarƙashin tawa kafin ruwan farko, tun zamanin maigidana haka muke yi, shasina bai taɓa hujewa ba.

Mai walda a Panteka: Oga, yana korar ruwa, ban musa ba. Amma yana lalata robobi, yana tara ƙura, kuma in ya taɓa birki akwai haɗari. Giris a kan ƙusoshi da mahaɗai ya fi.

Mai Hilux 'yar Kwatano: Tawa daga Kanada ta fito, inda ake watsa gishiri a titi lokacin ƙanƙara. Jiki yana sheƙi, ƙasa kuwa ya ciwu, har bututun man birki ya fara tsattsafo. Alhamdu lillahi a tsaye aka gano. Mai 504, duba bututun nan da gindin batir, ruwan batir yana cin wurin. Ƙofarka kuma, akwai ƙananan kafofi a ƙasanta da ruwa ke fita, ƙurar hunturu ke toshe su. Zura waya ka buɗe.

Mai 504: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na ƙwanƙwasa, shasi yana amsawa, sai rami ɗaya a baya kusa da tanki. A yi waldarsa a haka?

Mai walda a Panteka: A'a, Malam. A sauke tankin a kai shi nesa, ko da babu mai a ciki, tururinsa ne ke kamawa. A cire kan batir kuma kafin a kunna injin walda.