Muhawara: Shin Moritz Seider ya riga ya wuce Krupp da Seidenberg?

Baban Yusra: Jama'a, ga maganata, wanda bai yarda ba ya kawo hujja. A tarihin hokin ƙanƙara, Jamus ba ta taɓa fitar da ɗan baya kamar Moritz Seider ba. An haife shi a 2001. Yana ɗan shekara 18 ya ɗauki kofin Jamus da Adler Mannheim a 2019, a shekarar kuma Detroit Red Wings ta zaɓe shi na 6 cikin sababbin 'yan wasa. A kakarsa ta farko a NHL, babbar gasar hoki ta Amurka da Kanada, wato 2021-22, ya buga duka wasanni 82, ya ci 7, ya taimaka aka ci 43, maki 50 ke nan, aka ba shi kyautar Calder ta gwarzon sabon shiga. Wa ya taɓa yin haka cikin na baya?

Alhaji Mai Sanda: Baban Yusra, ka yi azarɓaɓi. Ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Uwe Krupp, ɗan Kolon, sai a lamba ta 214 Buffalo ta ɗauke shi a 1983, lokacin da ba a ɗaukar Bajamushe da daraja a Amurka. A wasan farko na kakar 1995-96, yana ƙungiyar Colorado, jijiyoyin gwiwarsa suka tsinke, ya yi kusan duk kakar yana jinya. Ya dawo, kuma a wasa na 4 na zagayen ƙarshe tsakanin Colorado da Florida, aka yi minti 60 babu ci, aka ƙara lokaci sau biyu babu ci, sai a ƙari na uku ya narka faifan, wato ƙwallon hoki, daga kusa da layin shuɗi, layin da ke shata yankin ragar Florida, ya wuce golansu John Vanbiesbrouck. 1-0, kofin Stanley, babban kofin NHL, ya tafi Colorado. Seider fa? Daga 2017 har 2025 Detroit ba ta ko shiga zagayen neman kofi ba.

Baban Yusra: Alhaji, kofi na ƙungiya ne. A Colorado ɗin nan akwai Joe Sakic da Peter Forsberg, ga Patrick Roy a raga. Ka sa Seider a cikinsu ka gani.

Hajiya Uwani: Ku biyun duk kuna auna ɗan baya da ma'aunin ɗan gaba, ɗaya na ƙirga maki, ɗaya na tuna ci ɗaya. Aikin ɗan baya yawancinsa ba ya shiga takarda. Idan ɗan gaba ya taho da faifai a guje, ɗan baya yana ja da baya ne a kan takalmin ƙanƙara, kuma dole gudunsu ya zo ɗaya. Kafin su iso layin shuɗi, tazarar da ke tsakaninsu kada ta wuce tsawon sanda ɗaya zuwa biyu. In ta yi yawa, ka ba shi filin bugu. In ta yi kaɗan alhali ba ka da gudu, zai zagaye ka. Sanda tana hannu ɗaya, bakinta a ƙasa tana fuskantar faifan, ido kuma a ƙirjin mutum, don faifai da kafaɗa suna yaudara, ƙirji ba ya yi. Kuskuren da ya fi kashe matasa shi ne haɗa ƙafa su juya da wuri: da zarar ka karkata ƙugu gefe ɗaya, sai ya yanke ta ɗayan. A wannan ma'aunin, wanda kuka manta shi ne Dennis Seidenberg.

Ɗan Gidan Liman: Hajiya ta taɓo inda yake min ƙaiƙayi. A zagayen neman kofi na 2011 Montreal ta ci Boston, ƙungiyar Seidenberg, wasa biyu na farko, sai kocin Boston Claude Julien ya haɗa Seidenberg da Zdeno Chara a layi ɗaya. Dukansu 'yan hagu ne a riƙon sanda, don haka Seidenberg ya koma gefen dama. Wanda bai san wasan ba zai ɗauka ƙaramin abu ne. Ɗan hagu a gefen dama, in faifai ya biyo bango ya zo masa, da bayan sanda zai tare shi, sannan ya juya shi zuwa gaban sanda kafin ya ba da. Wannan ɗan jinkirin ya isa a danne shi a jikin bango a ƙwace. Ya yi haka wasa bayan wasa, sama da minti 27 a kowane dare, alhali ana sauya 'yan wasa kusan duk daƙiƙa 45. A zagayen ƙarshe Vancouver, mai tagwayen 'yan gaba Sedin, ci 8 kacal ta samu a ragar Boston a wasanni 7.

Baban Yusra: Ba gola Tim Thomas ne ya tsare ragar Boston ba? Shi aka ba kyautar gwarzon zagayen.

Ɗan Gidan Liman: Shi ne. Amma gola yana kama abin da ya gani ne. Wa ke ture masu tare masa ido daga bakin raga, wa ke share faifan da ya dawo daga jikinsa?

Malam Na Tasha: Ni ina bayan Baban Yusra, amma ba don maki 50 ba. Christian Ehrhoff, wani ɗan bayan Jamus, shi ma ya yi maki 50 da Vancouver a 2010-11, har Buffalo ta ba shi kwantiragin shekara 10 a kan dala miliyan 40, bayan shekara 3 ta biya shi ta sallame shi. Abin dubawa shi ne nauyin da aka ɗora wa mutum da kuma shekarunsa. Seidenberg yana da Chara a gefensa, kuma yana dab da shekara 30 a lokacin. Krupp bai taɓa zama ɗan baya na ɗaya a Colorado ba. Seider tun yana ɗan 20 shi ake turawa kan layin da ya fi haɗari na abokan hamayya, kuma sau da yawa daga yankin gidansu ake fara masa wasa. Wanda ake yi wa haka, lissafin ci da aka yi yana fili dole ya yi muni, ko da bai yi laifi ba. A 2023-24 ma an ba abokin wasansa Shayne Gostisbehere yawancin damar da ake samu idan an kori ɗan hamayya na minti 2, wato inda 'yan baya ke tara maki cikin sauƙi, duk da haka Seider ya tashi da 42.

Alhaji Mai Sanda: Malam, to ka faɗi aibinsa mana, kada ka zama maroƙi.

Malam Na Tasha: Akwai, Alhaji. Yana son karo. Wannan dabarar tasa ta tsayawa da faifai ya bar mai zuwa buge shi ya ci karo da kafaɗarsa ya faɗi, 'yan kallo na sonta. Amma fita daga layi don a kai wa mutum karo a tsakiyar fili caca ce: in ka kuskure, abokin aikinka ya rage shi kaɗai da mutum biyu. Sannan bugunsa daga layin shuɗi bai kai na manyan 'yan baya irin su Cale Makar ko Roman Josi barazana ba, bai kai ci 10 a kaka ba cikin kakanninsa huɗu na farko.

Hajiya Uwani: Akwai abin da ya samu wanda Krupp bai samu ba, kuma ya kamata a sa shi a sikeli. Filin Turai mita 60 ne da faɗin 30, na NHL kusan 61 da 26. Mita 4 ɗin nan su ne komai. A fili mai faɗi kana iya kora ɗan gaba can gefe inda bugunsa ba ya cutarwa. A matsattse, bango ma kusa yake da raga, kuma in ka koma ɗauko faifai a bayan ragarku, mai binka ya riga ya iso. Dole ka waiga tun kafin ka taɓa faifan, ka san inda za ka kai shi. Detroit ba ta yi gaggawa ba: shekara ɗaya a Grand Rapids, ƙaramar ƙungiyar Detroit, ya koyi matsattsen fili, sannan a 2020-21 aka ba da aronsa ga Rögle ta Suwidin, inda aka zaɓe shi ɗan baya mafi kyau a gasar, suka kai wasan ƙarshe Växjö ta doke su. An yi masa shimfiɗa. Krupp shi ya share hanyar.

Ɗan Gidan Liman: A rigar ƙasa kuma kusan kunnen doki ne. Seidenberg ne ɗan baya mafi kyau a gasar duniya ta 2017, Seider a ta 2021. Ehrhoff yana da azurfar Olamfik ta 2018, da Rashawa suka ci su 4-3 a ƙarin lokaci. Seider yana da azurfar duniya ta 2023, Kanada ta ci su 5-2 a Tampere.

Baban Yusra: To na rage kuɗin maganata: a gwaninta ya wuce su, a tarihi da saura.

Alhaji Mai Sanda: Ban karɓa ba tukuna. Zagayen neman kofi wasa ne daban: ƙungiya ɗaya za ka fuskanta har sau 7, su gano gefen da kake jinkirin juyawa, su riƙa jefa faifai kusurwarka suna bugunka har ka gaji. Seidenberg ya ci wannan jarrabawar a wasanni 25 a 2011. A 2024 Detroit ta ba Seider shekara 7 a kan dala miliyan 8.55 duk shekara, wato har 2031. Lokaci yana nan, mu ga ya buga zagaye ɗaya tukun.