Ginin manhajarmu yana cin kusan minti 20 a GitHub Actions, ta ina zan fara ragewa?

Abban Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Mu uku ne muke aiki a kan wata manhajar yanar gizo da muka rubuta da React da yaren TypeScript. Webpack ne ke haɗa fayilolinta wuri ɗaya, sannan a zuba ta cikin Docker, wanda ke ƙunshe manhaja da abubuwan da take buƙata don ta yi aiki. A kwamfutata ginin ba ya wuce minti uku, amma da zarar na tura gyara zuwa GitHub Actions, wato sabis ɗin GitHub da ke gina manhaja da kansa, ko da harafi ɗaya na sauya a jikin maɓalli, sai na zauna jiran kusan minti 20 kafin alamar ginin ta koma kore, wato ya kammala lafiya. Rumbun kod ɗinmu a GitHub ba a buɗe yake ga kowa ba, saboda haka ana lissafa mana lokacin gini, kuma mintuna 2,000 na kyauta da ake bayarwa duk wata ba sa kai mu ƙarshen wata. Abokin aikina ya ce mu biya a ba mu babbar na'ura. Ni dai hankalina bai kwanta da hakan ba. Don Allah wanda ya taɓa shiga irin wannan ya taimaka.

Injiniya Bazazzage:
Wa alaikumus salam Malam. Kada ku biya ko sisi tukuna. Buɗe aikin da ya gudana, kowane mataki an rubuta lokacin da ya ci a gefensa, ka ga wanda ya fi jan ƙafa.

Ka sani, duk lokacin da ka tura, sabuwar na'ura ce fil ake ba ka, ba ta san komai ba game da ginin jiya. Kwamfutarka kuwa tana da komai a ajiye. Ina kyautata zaton a Dockerfile ɗinku, wato fayil ɗin umarnin ginin Docker, `COPY . .` mai kwafe duk fayiloli ya riga `npm ci` mai sauko da kunshin da manhajar ta dogara da su zuwa. In haka ne, kowane ɗan gyara sai ya sa a sake sauko da duk kunshin daga farko. Ku fara kwafe `package.json` da `package-lock.json`, masu ɗauke da jerin kunshin, su kaɗai, ku gudanar da `npm ci`, sannan sauran fayilolin su biyo baya. Sai dai wannan shi kaɗai ba zai yi muku komai ba a na'urar da ba ta da ajiya. Dole ku sa `cache-from` da `cache-to` da `type=gha` a matakin ginin Docker, don abin da aka gina yau ya jira ku gobe. Nan ne mutane da yawa suke tsayawa a rabin hanya.

Maman Sultan:
Ƙari a kan bayanin Injiniya: in `ts-loader` kuke amfani da shi, wato mai fassara wa Webpack kod ɗin TypeScript, yana fassarar yana kuma duba kurakurai a lokaci guda. Ku kunna `transpileOnly` don ya tsaya a fassara kawai, ko ku koma `esbuild-loader`, wanda ke da sauri ƙwarai tunda da Go aka rubuta esbuild. Dubawar kuma ku ware mata aikinta daban da `tsc --noEmit`. Don Allah kada ku jefar da ita gaba ɗaya saboda neman sauri.

Amma ɗan'uwa, ka lura: raba aiki gida biyu yana rage jira ne, ba ya rage mintunan da ake lissafa muku. Abin da zai cece mintunanku shi ne `cancel-in-progress`, wanda ke tsayar da tsohon gini da zarar sabon gyara ya shigo reshen kod (branch) ɗaya da shi.

Abban Hanifa:
Allah ya saka da alheri. Maganar Dockerfile ɗin haka take. Na gyara, ginin ya dawo ƙasa da minti takwas. Na kuma kunna ajiyar Webpack 5 ta `filesystem`, amma ban ga canji ba. Me ya sa?

Maman Sultan:
Webpack yana zuba ajiyarsa ne a `node_modules/.cache/webpack`, kuma tunda cikin Docker kake gini, tana ɓacewa duk lokacin da wannan matakin ya sake gudana. Fito da matakin Webpack waje, ka adana wannan folda ɗin na ajiyar da `actions/cache`, ka kuma dawo da shi bayan `npm ci`, domin `npm ci` share `node_modules` yake yi kafin ya fara. Kuma duk ajiyar da aka kwana 7 ba a taɓa ta ba ana goge ta, saboda haka ginin farko bayan dogon hutu zai yi nauyi.