Yadda ake zaɓen gwanayen besbol na kowace shekara goma

Abin da aka fi yarda da shi a muhawarar da ake yi kan su wane ne gwanayen besbol (wasan bugun ƙwallo da sanda na Amurka) na kowace shekara goma shi ne kar a haɗa zamani da zamani, kowa a auna shi da tsaransa. Wajen mai cafe ƙwallo (ɗan wasan da ke tsugune bayan mai bugu) a shekarun 1970 babu gardama, Johnny Bench na ƙungiyar Cincinnati Reds ne. Rigimar tana kan irin su Ted Williams da yaƙin duniya na biyu ya ci masa shekarun wasa daga 1943 zuwa 1945, wasu suka ce a duba ingancin wasa ba yawan shekaru ba, ni ma nan na tsaya gaskiya. Kuma kafin Jackie Robinson, baƙar fata, ya fara buga wasa a babban lig a 1947 ba a barin baƙaƙen fata su buga a manyan lig, to a tuna da Josh Gibson, gwanin da ya buga a lig ɗin baƙaƙen fata. Barry Bonds kuwa, zargin shan ƙwayoyin ƙara kuzari ya raba kan jama'a.