Shekara shida bayan mota ta kashe ƙanena ta gudu: shin lokacin kai direban kotu ya wuce?

Ɗan Tudun Jukun ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman wanda ya san doka ya warware mini wata magana da ta hana ni barci tun makon jiya.

Shekara shida da suka wuce, cikin watan azumi, ƙanena yana dawowa a kan kekensa daga shagon ɗinkin da yake aiki, bayan sallar isha'i, sai wata farar bas ta buge shi a kan titin Kaduna kusa da Ɗanmagaji a Zariya, ba ta ko rage gudu ba. Mai shayin da ke bakin titi da wasu 'yan acaɓa ne suka kai shi asibiti, amma kafin mu isa rai ya yi halinsa. Ya bar mata da yara biyu, ƙaramin ko yaye shi ba a yi ba. Washegari na koma wurin, na tsinci madubin gefen motar da ya karye da gutsattsarin gilashin fitila, na zuba su a leda, kuma har yau suna cikin akwatin mahaifiyarmu tare da hularsa. Mun kai rahoto ga 'yan sanda, an rubuta bayaninmu, muka yi ta kai da komo har wata uku, daga nan muka gaji muka bar wa Allah.

Makon jiya wani maƙwabcinmu ya shaida mini cewa wani tsohon yaron mota ya gaya masa yana cikin bas ɗin a daren, ya san direban, kuma abin bai daina ci masa rai ba. Direban yana nan da ransa, yana ci gaba da tuƙi. Da na kai maganar gida, kawunmu ya ce in bar ta, wai a doka duk abin da ya haura shekara biyar ya mutu, babu kotun da za ta saurare shi. Shin haka ne? Idan kuwa ba haka ba ne, ta ina zan faro?

Lauya daga Sabon Gari ya amsa:

Wa'alaikumus salam. Allah ya jiƙansa, ya raya abin da ya bari. Kawunku ya haɗa abubuwa biyu ne da doka ta raba su, kuma ba shi kaɗai ke wannan kuskure ba.

Abu na farko shi ne shari'ar laifi, wadda gwamnati ke shigarwa a kan wanda ake tuhuma. A Najeriya babu wani wa'adi na bai-ɗaya da yake kashe manyan laifuka saboda tsawon lokaci. Inda doka take son sa wa'adi, takan faɗa ƙarara, kamar yadda kundin laifuka na Kudu ya ba da shekara 2 ga tuhumar cin amanar ƙasa da wata 6 ga tuhumar tunzura jama'a. Kisan rai ba ya cikin irin waɗannan. Kundin laifuka na Arewa, wanda ya fara aiki a 1960, ya lissafa wanda ya jawo mutuwar wani ta hanyar ganganci ko sakaci cikin masu laifin kisan da hukuncinsa bai kai na kisa ba, kuma Jihar Kaduna ta sabunta nata kundin a 2017. Dokar Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta 2007 ita ma ta tanadi ɗaurin da zai iya kai wa shekara 7 ga wanda tuƙin gangancinsa ya kashe mutum. Saboda haka shekara shida ba ta wanke direban ba, kuma da shekara goma sha shida ce ma ba za ta wanke shi ba.

Abu na biyu shi ne ƙarar neman diyya, wadda iyalan mamaci ke shigarwa da kansu a kan direba da mai motar. Wannan ita ce take da wa'adi, 'yan shekaru ne kawai, kuma ana ƙirga su daga ranar rasuwa. Idan motar ta gwamnatin tarayya ce kuma direban yana bakin aikinsa, dokar kare jami'an gwamnati ta taƙaita lokacin zuwa wata 3 kacal, abin da ya salwantar da haƙƙin iyalai da yawa suna cikin zaman makoki. Ina tsoron a naku al'amarin wannan ƙofa ta yi nisa da rufewa, amma kada ka yanke hukunci da kanka. Ka kai wa lauya ainihin ranar rasuwar da shekarun yaran, domin dokokin wa'adi sukan yi wa ƙananan yara sassauci. Ka kuma sani cewa kotun da ta sami mutum da laifi tana da ikon umartarsa ya biya waɗanda ya cuta diyya.

Abin da ya kamata ya dame ka ba wa'adin doka ba ne, hujja ce. Maganar maƙwabcinku ji-ta-ji-ta ce, kuma dokar shaida ta 2011 ba ta karɓar irinta don tabbatar da laifi. Wanda kotu za ta saurara shi ne yaron motar da kansa, domin shi ya gani da idonsa. Idan ya rasu, ko ya yi ƙaura, ko aka tsorata shi ya janye, to magana ta koma inda take shekara shida da suka wuce. Haka nan mai shayin, da mai gyaran jikin motar da ya sauya madubi da fitila a wancan makon, idan za a iya gano shi.

Shawarata ita ce ka rubuta takardar koke zuwa ga Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha, ka ambaci ranar haɗarin da ofishin da kuka fara kai rahoto, ka nemi a sake buɗe fayil ɗin, ka haɗa da takardar shaidar mutuwa daga asibiti. Ka aika kwafi ga ofishin Antoni Janar na jiha, wanda sashe na 211 na tsarin mulkin 1999 ya ba shi ikon shigar da ƙarar laifi ko karɓe ta daga hannun wani. Idan ba ku da halin ɗaukar lauya, Hukumar Ba da Agajin Shari'a tana da ofishi a jihar. Ledar da ke cikin akwatin mahaifiyarku kuma kada kowa ya sake taɓa abin da ke cikinta har sai an miƙa ta ga mai bincike, kuma a ba ku takardar da ke nuna an karɓa. Ina roƙonka kada ka je wurin direban da kanka, kada kuma ka sa sunansa a Facebook, domin yin haka zai sa ya ɓace, ya kuma ba shi damar kai ka ƙarar ɓata suna.

Tsohon direba daga Kwangila ya amsa:

Allah ya gafarta masa. Ɗana, na yi shekara talatin ina jan mota tsakanin Zariya da Kano, kuma ba zan kare wanda ya kashe rai ya ɓoye ba. Amma zan faɗi abin da na gani da idona. Na taɓa ganin direba ya kaɗe yaro, ya taka birki ya fito yana salati da hannu a ka, kafin ya kai ga yaron an rufe shi da duka, wasu kuma suna neman fetur za su cinna wa motar wuta, yaron kuwa yana kwance babu mai kula da shi. Tun daga ranar na fahimci abin da yake sa ƙafar direba ta ƙi barin totur.

Sai dai a tasha mun san bambancin wanda ya guje wa taron jama'a da wanda ya guje wa haƙƙi. Na farko yakan zarce ofishin 'yan sanda mafi kusa ya miƙa kansa, ko ya kira jami'an kiyaye haɗurra a lamba 122, washegari shugabannin tasha su raka shi gaisuwa. Wanda ya kai mota gareji da dare aka gyara fitila, ya kwana, ya tashi ya yi lodi shekara shida, wannan ba tsoron duka ba ne ya riƙe shi.

Abin da nake jin tsoro a maganar Barista shi ne, idan babu wa'adi ko kaɗan, me zai hana yaron motar da suka ɓata da ubangidansa ya ɗora masa laifin da bai yi ba bayan shekaru, lokacin da ba zai iya tuna inda ya kwana a daren ba?

Lauya daga Sabon Gari ya sake amsawa:

Baba, tambayarka tana kan hanya, kuma ita ce hujjar ƙasashen da suka sa wa'adi. A Jamus, tuhumar kisa ta hanyar sakaci takan faɗi bayan shekara 5, ko da yake kisan gilla ba shi da wa'adi. A Japan an soke wa'adin kisan kai a 2010, amma aka bar shekara 10 ga kisa ta sakacin tuƙi da shekara 20 ga kisa ta tuƙi mai haɗari, kuma iyalan waɗanda aka kaɗe aka gudu suna ta fafutukar a soke su. A Ingila manyan laifuka ba su da wa'adi, kuma daga can muka gaji namu tsarin. A ganina namu ya fi adalci a nan, domin wa'adi a laifin buge-ka-gudu lada ne ga wanda ya fi iya ɓuya. Kariyar direban da aka yi wa ƙazafi tana cikin nauyin da ke kan mai gabatar da ƙara, wanda dole ya tabbatar da laifin ba tare da wani kokwanto mai ma'ana ba, kuma alƙali zai tambayi yaron motar abin da ya sa ya yi shiru shekara shida.

Almajiri daga Ƙofar Doka ya amsa:

Allah ya sa ya huta. A shari'ar Musulunci wannan kisan kuskure ne, kuma aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta ɗora abubuwa biyu a kansa: diyya da ake miƙa wa magada sai in sun yafe, da kaffara, wadda a yau ta koma azumin wata biyu a jere. Asalin diyya raƙuma 100 ne ko dinari 1000 na zinariya, kuma dangin wanda ya yi kisan ne suke ɗaukar nauyinta. Tsawon zamani ba ya sauke haƙƙin jini. Ina so kawunku ya lura da cewa rabon marayun nan biyu a cikin diyyar dukiyarsu ce, ba ta babba ba ce da zai yafe ta saboda kunya ko gudun surutu. Mahaifiyarku da matar marigayin suna iya yafe nasu kason idan sun ga dama.

Ɗan Tudun Jukun ya sake rubutawa:

Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa mahaifiyarmu amsoshinku jiya da dare, ta daɗe ba ta ce komai ba, daga baya ta ce ita ba ɗaurin kowa take nema ba, tana so ne mutumin ya zo ya tsaya a gabanta ya ce shi ne, a kuma ba yaran abin da yake nasu. Mai shayin yana nan a wurinsa, na same shi da safe kuma ya ce ya tuna daren. Maƙwabcinmu ya yi alkawarin haɗa ni da yaron motar ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Barista, idan ya yarda zai yi magana, shin in fara kai shi wurin lauya a rubuta bayaninsa ya sa hannu, ko kuwa in jira sai 'yan sanda sun amsa takardar koken sun kira shi da kansu?