Neman shawara kan fanshon Babanmu a Garwa

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Babanmu ya yi shekara 22 yana aiki a wani kamfani a nan Garwa. Da kamfanin ya fara tangal-tangal aka zabge musu albashi, ƙungiyar ƙwadago ta shiga yajin aiki, ƙarshe dai aka garƙame ƙofa da kwaɗo.

Yanzu ya cika 60. Mun je CNPS, hukumar da ke biyan fanshon ma'aikata a Kamaru, aka ce sai da zubin wata 180, nasa bai kai ba. Ashe shekara da shekaru kamfanin na yankar kuɗin a albashinsa, ba ya kai musu. Takardun albashin duk suna nan, ya adana su cikin leda ƙarƙashin katifa.

Don Allah, wa ya taɓa shiga irin wannan? Sufeton ƙwadago za mu fara tunkara ko kotu? Maganin hawan jininsa ma da bashi muke saya.