Mako guda a jirgin ruwan shaƙatawa a Bahar Rum: waɗanda suka taɓa hawa su faɗa mana abin da suka gani

Mai tambaya, daga Kano:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar 'yan'uwa da suka taɓa hawa manyan jiragen ruwan nan na yawon shaƙatawa. Na yi niyyar tafiya da maiɗakina da mahaifiyarmu Hajiya a watan Yuni mai zuwa, in Allah ya kai mu, tafiyar kwana bakwai da za ta tashi daga Basalona a ƙasar Sifaniya, ta yada zango a Marsel ta Faransa da Jenowa ta Italiya da tashar da ake sauka a shiga Roma, sannan Palamo, ita ma a Italiya, da Tunis, babban birnin Tunisiya, kafin ta koma inda ta fito. Ejan ɗin da nake magana da shi ya nuna mini kuɗin ɗaki kawai, ya ce sauran duk masu sauƙi ne, amma hankalina bai kwanta ba, domin Hajiya ta haura shekara saba'in kuma tana shan maganin hawan jini. Ina son wanda ya hau da ƙafarsa ya faɗa mini abin da ya tarar, daɗi ko wuya, musamman kan biza da salla da abinci da kuɗi.

Wani ɗan kasuwa daga Kaduna:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Tun da na ga sunan Tunis a cikin zangonku na ce dole in fara magana, domin irin wannan zangon ne ya jawo mini asarar da har yau ban manta ba. Na sami bizar Shengen, wato biza ɗaya da ake shiga yawancin ƙasashen Turai da ita, na isa tashar jiragen ruwa da iyalina da jakunkunanmu, muka bi layi har gaban ma'aikaciyar da ke duba takardu. Ta buɗe fasfona, ta ɗora yatsa a kan wurin da aka rubuta adadin shiga, inda aka buga 01, ta kira wani babba a cikinsu. Bayanin da suka yi mini gajere ne: jirginmu zai tsaya a wata tashar Turkiyya, wadda ba ta cikin yankin Shengen, saboda haka da zarar ya je can bizar shiga sau ɗaya ta ƙare aiki, ba mu da izinin komawa Turai da ita. Na ce ba za mu sauka a can ba, za mu zauna a ɗakinmu, suka ce wannan ba ya canza komai. Muna tsaye da kayanmu jirgin ya tashi, kuma ba a mayar mini da kuɗin ɗakin ba, domin a cikin sharuɗɗan da na sa wa hannu an rubuta cewa takardun tafiya alhakin fasinja ne.

Tunisiya ma ba ta cikin Shengen, don haka abin da kuke buƙata shi ne biza mai shiga fiye da sau ɗaya, wadda ake buga mata MULT, ko aƙalla 02. Ka haɗa cikakken jadawalin jirgin da takardun neman bizar, ka yi bayani a rubuce kan dalilin da ya sa kake son irin wannan. Ana nema ne a ofishin jakadancin ƙasar da za a fi daɗewa a cikinta, in kwanakin sun yi daidai kuma sai ƙasar da za a fara shiga. Kuɗin bizar babban mutum yuro 90 ne tun watan Yunin 2024, ana buƙatar inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000, kuma ana iya shigar da takardu tun wata shida kafin tafiya, don haka kada ka jira sai ƙurarren lokaci. Sannan ka tambayi kamfanin jirgin kai tsaye, a rubuce, ko fasfonku yana buƙatar bizar Tunisiya ko da ba za ku sauka ba. Kada ka dogara da maganar baki ta ejan, domin ba shi ne zai tsaya a gaban ma'aikaciyar nan ba.

Wata Hajiya daga Abuja:

Allah ya mayar maka da alheri, Alhaji. Ni na hau sau biyu, kuma maganata a kan Hajiya Babba take. Ka nema mata ɗaki a tsakiyar jirgi, a hawa na ƙasa-ƙasa, kusa da lif, domin can ne motsin ruwa ya fi sauƙi, kuma tsawon waɗannan jiragen ya kan haura mita 300, tafiya daga wannan ƙarshe zuwa wancan aiki ne ga dattijuwa. A ranar hawa ana karɓar manyan jakunkuna tun a tasha, ba sa isowa ƙofar ɗaki sai da yamma, wani lokaci sai bayan magariba. A tafiyarmu ta farko maganin surukata yana cikin babbar jaka, muka wuni cikin zullumi. Magani da fasfo da sallaya da hijabi su kasance a jakar hannu, kuma maganin ya zama a kwalinsa na asali, ya fi na kwanakin tafiya yawa.

Ga kuma abin da matanmu ba su cika sani ba. Na tafi da ɗan kaskona na lantarki da turaren wuta, sai na ga jakata ba ta iso ba, aka turo mini takarda in je ofishin tsaro. Suka buɗe ta a gabana, suka ɗauke kaskon da dutsen guga, suka ba ni rasit, sai ranar sauka aka mayar mini. Gobara ce babbar abin tsoro a jirgin ruwa, shi ya sa ba a yarda da duk abin da ke yin zafi ko hayaƙi a ɗaki ba. Humra da turaren fesawa ba su da matsala. Kilishi da dambun nama kuwa a bar su a gida, tun da dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama daga waje. Abin da ya wajaba a tafi da shi shi ne 'yar ƙaramar buta, domin banɗakin ɗakin ba shi da abin tsarki.

Wani ɗalibi mazaunin Italiya:

Baba Alhaji, ni abin da ya kusa cin mu shi ne agogo, kuma a Tunis ɗin nan ya faru. Da bazara Italiya da Sifaniya suna gaban Tunisiya da awa ɗaya, domin Tunisiya ba ta canza lokaci, agogonta ɗaya da na Najeriya. Jirginmu ya ci gaba da aiki da lokacin Italiya, an kuma rubuta hakan a takardar da ake sakawa a ƙofar ɗaki kowane dare, amma ban karanta ba. Da muka sauka, wayata ta kama sabis ɗin garin ta koma baya da awa ɗaya da kanta. Muka shiga tsohuwar kasuwar birnin, muka yi azahar a masallacin Zaituna, abokina yana cinikin jar dara, ni kuma ina kallon wayata ina ganin muna da sauran lokaci mai yawa. Sai wani dattijo da muka hau tare, mai agogon hannu, ya gan mu ya ce me muke yi a nan har yanzu. A cikin tasi ban iya cewa komai ba sai salati. Da muka isa tashar Lagulet mun tarar an fara kwance wasu igiyoyin, ana kiran sunayenmu da lasifika, ma'aikaci ɗaya ne ya rage a bakin gadar hawa.

Da mun makara, da kuɗinmu za mu nemi hanyar cim ma jirgin a zango na gaba. Lokacin da ake cewa kowa ya dawo yakan kasance rabin awa kafin tashi, kuma shi ne abin riƙewa, ba lokacin tashin ba. Ku ɗaura agogon hannu ku saita shi da na jirgi, ku ɗauki hoton takardar ranar, domin a jikinta akwai lambar wakilin jirgin a wannan tasha. Roma ma a yi hattara: jirgin yana tsayawa ne a Cibitabekiya, kusan kilomita 80 daga birnin, tafiyar awa guda ko fiye a jirgin ƙasa. Da Hajiya a tare, gara ku sayi ziyarar da jirgin ya shirya a irin waɗannan wurare masu nisa, domin idan motarsu ta makara jirgin yakan jira ta.

Wani ma'aikacin banki daga Katsina:

Ban yarda da ƙanena a kan ziyarar jirgi gaba ɗaya ba. A Roma da Tunis gaskiyarsa ne, amma a Palamo da Jenowa jirgin yana tsayawa ne a bakin gari, mutum zai iya takawa ya shiga, ba sai ya biya kuɗi mai yawa an zaga da shi a bas ba. Maganar kuɗi kuma, Alhaji, abin da ejan ya nuna maka ba shi ne ƙarshe ba. Akwai kuɗin hidima da ake ɗora wa kowane mutum a kowane dare, akwai lemo da ruwan gora da intanet, duk daban. A cikin jirgi ba a ciniki da tsabar kuɗi, katin ɗakinka ne makullinka kuma shi ne aljihunka, ana haɗa shi da katin banki ko a ajiye kuɗi a hannunsu. Katina na naira ya ƙi aiki a ranar farko, katin asusun dala ne ya fitar da ni, saboda haka a tafi da shi da kuma 'yan yuro a hannu. Wayoyi kuma a kashe musu data da zarar an bar gaɓa, domin a tsakiyar teku suna kama sabis ɗin tauraron ɗan'adam mai tsadar gaske. A duba lissafi a talabijin ɗin ɗaki kullum, kada a bari sai daren ƙarshe lokacin da layin ƙorafi ya yi tsawo.

Wani malamin makaranta daga Zariya:

Game da salla, na sami sauƙi fiye da yadda na zata. Jirgin da na hau ba shi da masallaci, a ɗaki muke yi, kuma wurin da ke tsakanin gado da ƙofa yana ɗaukar sallaya ɗaya. Mafi yawan tafiyar da dare ake yinta, da rana jirgin yana ɗaure a tasha, don haka azahar da la'asar ba su da wahala. Akwai tashar talabijin da ke nuna taswira da inda jirgin ya dosa, da ita nake gane alƙibla, domin kamfas ɗin waya yana rikicewa a cikin ƙarfe. Malamanmu sun yi bayanin cewa mai salla a jirgin ruwa yana fuskantar alƙibla ne, ya juya idan jirgin ya juya matuƙar zai iya, ya tsaya in zai iya tsayuwa, in ba haka ba ya zauna. Hukuncin ƙasaru kuma ka zauna da malaminka kafin ka tashi. Ka sani cewa a ƙarshen Yuni rana ba ta faɗuwa a Basalona sai wajen tara da rabi na dare, don haka ka zaɓi zaman farko na cin abincin dare, wato na wuri, don kada ya ci karo da magariba.

Abinci yana da yawa, amma nama ba na yanka ba ne sai an tabbatar maka. Ana neman abincin halal ne tun lokacin biyan kuɗi, ba bayan an hau ba. Mu kifi da ƙwai da shinkafa da taliya da ganye muka riƙe, kuma a daren farko na gaya wa shugaban masu hidimar tebur cewa ba ma cin alade kuma ba ma cin abin da aka dafa da giya, domin girkin Italiya da Faransa yakan sa ta a miya da kayan zaƙi. Daga ranar yakan kawo mini jerin abincin gobe in zaɓa tun da dare. Ina kuma ganin amana ce in faɗa maka cewa hawan da wurin ninƙaya yake akwai kiɗa da giya da shigar da ba ta dace da tarbiyyarmu ba; da asuba ne wurin yake zama fayau, a lokacin nake fita da iyalina mu kalli teku.

Wata ma'aikaciyar jinya mazauniyar Ingila:

Akwai asibiti da likita a jirgi, amma da kuɗi ne, kuma da tsada. Inshorar da ake yi don biza kawai ba lallai ta ɗauki jinya a jirgi ko kwashe mara lafiya zuwa gaɓa ba, don haka a karanta ta, a kuma bayyana hawan jinin Hajiya a cikinta. Kafin ta sha maganin jiri da amai a tambayi likitanta. Citta tana taimaka wa wasu. Kamfanoni da yawa ba sa ɗaukar mai cikin da ya kai mako 24. Atisayen ceto da ake yi a ranar hawa kuma wajibi ne, an tsaurara shi bayan hatsarin jirgin Costa Concordia a gaɓar tsibirin Jiliyo a Janairun 2012, inda mutum 32 suka rasu. Ku gaya musu Hajiya tana buƙatar taimako a matakala, domin a lokacin gaggawa ba a hawa lif.

Mai tambaya:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na koma wurin ejan da tambayoyinku, ashe bizar shiga sau ɗaya yake shirin nema mana, kuma kuɗin hidima ba ya cikin lissafin da ya ba ni. Mun zauna da maiɗakina mun yanke shawarar sauya jadawali zuwa wanda yake tsayawa a Malta maimakon Tunis, tun da Malta tana cikin Shengen, kuma duk da haka zan nemi biza mai shiga da yawa. Za mu isa Basalona kwana biyu kafin ranar hawa, don Hajiya ta huta, don kuma kada jinkirin jirgin sama ya sa mu rasa na ruwa. Abin da ya rage mini shi ne keken guragu: Hajiya tana tafiya da ƙafarta, amma ba ta jure doguwar tsayuwa a layi. Wanda ya taɓa tafiya da dattijo ya faɗa mini, shin gara mu tafi da namu mai naɗewa daga gida, ko wanda ake bayarwa a tasha ya wadatar?